Sai Mota Ta Tashi

Ko'ina ya tsayar da motarsa sai ya sa mata waigi. Wani guntun katako ne da ya sha baƙin mai har ya koma kamar ƙarfe, a bayan kujera yake ajiye shi. In ya kashe inji ya ja birkin hannu, sai ya sauko a hankali, ya zagaya, ya durƙusa ya cusa shi a gindin tayar baya, ya ɗan danna da diddige. Ko filin a shimfiɗe yake kamar faranti, sai ya yi. Direbobin tasha suka yi masa dariya har suka gaji, ƙarshe suka laƙaba masa sunan abin, ya zama Baba Waigi. In an tsokane shi ba ya wuce cewa, "Mota ba ta yi wa kowa alƙawari ba."

A-kori-kura ce gare shi, fara, tsohuwa ƙwarai, fentinta har ya koɗe a bakin taga inda gwiwar hannunsa ke zama. Ƙwai yake ɗaukowa da ita daga wata gonar kaji da ke bayan tudu, ya sauko da shi gari ya rarraba wa masu shaguna. Wanda ya daɗe yana tuƙa ƙwai, tafiyarsa a ƙasa ma sai ta canja. Haka yake tafiya, haka yake cin abinci, haka yake magana, kamar da kiret a kansa. In ka yi masa tambaya da safe, kana iya samun amsa da la'asar. Sai ya tare ka a hanya ya ce, "Maganar nan da ka yi ɗazu," kai kuwa har ka manta ka yi ta.

Mutum ɗaya ne bai taɓa gajiya da jiransa ba, shi ne Bakanike, mai gareji a bayan layin masu katako. Tun suna samari suke tare. Garejin rumfar kwano ce, da rami ɗaya na shiga ƙarƙashin mota, da benci da aka yi da tsohuwar kujerar bas, sai fili a baya inda matattun motoci ke kwance, ciyawa na leƙowa ta tagoginsu. A kan bencin nan suke shan shayi. Bakanike na kiransa Kunkuru. Shi kuma yana kiran Bakanike Mahauci, wai duk motar da ta shigo hannunsa sai ya feɗe ta kafin ya tambayi abin da ke damunta.

Ɗa ɗaya Allah ya bar wa Baba Waigi. Yaron a kujerar gefe ya girma, a nan ya koyi tuƙi, amma bai ɗauko sanyin jikin uban ba. Mai zafin nama ne, mai dariya. In ya zauna a sitiyari uban na gefe, sai ya riƙa banka giya har sandar ta yi ƙara.

"Kai, giya ba ƙofar gidan ubanka ba ce."

"Ai Baba, ƙofar gidan uban nawa a hankali nake rufe ta, don kar mai gidan ya farka ya fara wa'azi."

Da yaron ya yi aure, uban ya samo masa a-kori-kura irin tasa sak, shekararsu ɗaya, sai dai ita shuɗiya ce. Suka raba aikin ƙwan tsakaninsu. Matar yaron mai raha ce, tana girmama surukinta amma ba ta tsoronsa. Da yamma yakan kawo mata ƙwan da ya tsage a hanya, wanda masu shago ba sa karɓa. Sai ta leƙa kwanon ta ce, "Baba, yau da wa ka yi tsere?" Ba ya amsawa a take. Sai washegari, yana sa takalmi zai fita, ya ce, "Da wani mai tura baro. Ya wuce ni." Dariyarta har waje ake ji.

Wata safiya yaron na saukowa gangaren tudun da kaya cike, a kwanar da ke kusa da gada, suka haɗu da wata tifa. Ba wanda ya ga yadda aka yi sai direban tifar, shi kuwa ya ce yaron ne ya sheƙo a guje ya shigo masa hannu. Mai rai ke da baki, haka maganar ta zauna. Janwe ya jawo shuɗiyar motar zuwa bayan garejin. Gabanta ya shige ciki har kujera, sandar giya ta lanƙwashe ta maƙale a cikin ƙarafan da suka murɗe. Bakanike ya rufe ta da tamfol, ya danne da tsofaffin tayoyi.

A zaman makoki, maza na zaune a ƙofar gida, wani ya ce sai haƙuri, kwana ne ya ƙare. Baba Waigi tun safe bai buɗe baki ba. Sai aka ji ya ce, da wata murya da ba tasa ba, "Na sha gaya masa. Gudu ne ya kashe shi, ba kowa ba."

Tagar ɗakin matar yaron a saman kansu take, a buɗe. Bakanike na kallo aka jawo murfinta daga ciki, a hankali, aka rufe. Mutumin da ke juya magana wuni guda kafin ya furta, wannan kaɗai ya saki bai juya ba. Magana kuwa zarar bunu ce.

Matar yaron ba ta tafi ba. Ta zauna saboda tsohuwa, uwar mijinta, wadda idanunta suka yi rauni, da kuma 'yar da mamacin ya bari, wadda a lokacin ko rarrafe ba ta fara ba. Ba ta rage wa surukinta komai ba. Abincinsa na zuwa a kan lokaci, rigunansa a wanke, gaisuwar safe da ta yamma ba fashi. Amma in ya kawo ƙwan da ya tsage, sai ta karɓa da hannu biyu ta ce, "An gode, Baba," ta shige. Yayanta kuwa yana ta aiko mata ta koma gida. Kowa ya san in ta tashi tafiya da yarinyar za ta tafi, ya kuma san abin da zai iya tsayar da ita bai fi 'yan kalmomi ba.

Sau ɗaya Bakanike ya taɓo zancen, suna kan benci.

"Kunkuru, akwai wani abu da ka yar a ƙofar gidanka ranar nan. Har yau ba ka ɗauke ba."

"Ƙarya na yi?"

"Ban ce ka yi ƙarya ba. Cewa na yi ba ka ɗauke ba."

Baba Waigi ya shanye shayinsa, ya kife kofin, ya tafi. Wannan karon amsa ba ta zo ba, ko da la'asar, ko washegari.

Yarinyar ta fara gudu a tsakar gida lokacin da giyar farar motar ta soma ciwo. Da fari kuka take yi in an hau tudu, siriri, kamar sauro a kunne. Daga baya ta fara tofar da lamba uku, ana cikin tafiya sandar ta fice da kanta. Baba Waigi ya riƙa danne ta da hannu, da hannun ya gaji ya ɗaure ta da roba a ƙafar kujera. Ran da ta ƙi shiga lamba ɗaya a tsakiyar kasuwa, masu mota na ta yi masa hon, ranar ya kawo ta gareji.

Bakanike ya tsiyayo man giyar a wani gwangwani, ya murza shi tsakanin yatsu. Garin ƙarfe na ƙyalli a ciki.

"Ta ci kanta," ya ce. "Hanya uku ce. Ko sabuwa, irin wannan kuwa an daina yin ta tun gashin kanka na baƙi, kafin a nemo maka kajin sun mutu da tsufa. Ko ta kwance, a wurin masu kayan hannu, wannan kuma sayen kankana ne, sai an fasa a san abin da ke ciki. Ko in buɗe taka in canja abin da ya cinye, in sauran zai riƙe."

"Mahauci dai. Ko yaushe a buɗe."

"Akwai ta huɗu." Bakanike bai nuna da hannu ba, idonsa kawai ya kai bayan fili, inda tamfol ɗin yake.

"Uku ka ce."

"Lissafi ne ya kuɓuce mini."

"Uku ne," in ji Baba Waigi.

Bakanike bai ja ba. Ya san shuɗiyar motar ba ta Baba Waigi ba ce, ta marainiya ce da uwarta. Ko kusa ɗaya tsohon zai cire daga jikinta sai ya tsaya a gaban surukarsa ya roƙa. Kafin ya kai ga roƙon kuwa, akwai abin da zai tsallake.

Suka tafi wurin masu kayan kwance. Wani ƙaton fili ne, injuna da giyoyi jibge a ƙasa, mai ya jiƙa ko'ina har takalmi na mannewa. Mai wurin, wani gajere mai tsinke a baki, ya tura wata da ƙafa.

"Baba, wannan ko budurwa. Daga motar wata tsohuwa aka cire, asibiti kawai take zuwa da ita."

"Tsohuwa da a-kori-kura?" in ji Bakanike. "Gadon asibitin take tafiya da shi?"

"To, ni dai haka na ji."

Baba Waigi ya durƙusa, ya kama sandar da ta fito daga bakin giyar, ya riƙa juyawa da hannu, ya kara kunne yana saurare. Daga wannan ya koma waccan. Har rana ta take suna nan, mai wurin ya tauna tsinkensa ya canja wani. Ƙarshe suka ɗauko ɗaya. Da suka ɗaga ta a ƙarƙashin motar, ramukan kusa suka ƙi haɗuwa da na injin. A ido ita ce sak, ashe daga mai shan gas aka cire ta, tasa kuwa fetur take sha. Suka mayar, aka canja musu wata. Wannan ta hau. Baba Waigi ya ja motar zuwa ƙarshen layi, giyar na ihu kamar an taka wa kare wutsiya, da ya zo juyowa ta ƙi shiga ribas. Masu katako ne suka turo shi ya dawo.

Sai suka koma kan tasa. Bakanike ya feɗe ta a kan tebur, ya baje kayan cikinta a kan kwali. Boris, ƙwallayen ƙarfen da sanda ke juyawa a kai, ya watse, babbar sandar ta cinye, haƙoran sun guntule.

"Bakinta da naka, ban san wanda ya fi gibi ba," in ji Bakanike. "Ko na ɗinke ta, gangaren nan zai kwance ɗinkin."

Mai gonar kaji ya yi haƙuri har ya gaji, ya ba wani direba aikin, wai kafin Baba ya gyara. Baba Waigi kuwa kullum sai ya yi shiri ya fito da sassafe kamar mai zuwa aiki, ya zo ya zauna a bencin gareji, bayansa na fuskantar tamfol.

Wata rana da hantsi, Baba Waigi ya tafi kasuwa neman wani abu, sai Bakanike ya ga inuwa a bakin rumfa. Matar yaron ce, riƙe da hannun yarinyar. Ba ta taɓa zuwa garejin ba.

"Kawu, sannu da aiki."

"A'a, ke ce? Shigo daga rana. Ke ƙaramar amarya, kar ki taɓa wannan, baƙi ne."

Ba ta zauna ba. Ta ce, "Inna ta ce motar Baba ta ƙi gyaruwa. Giyar waccan za ta hau?" Ba ta waiwaya wajen tamfol ɗin ba.

"Kamar a jikinta aka haife ta."

"To a cire a sa masa. Ƙarfe ne. Ka ce masa ba sai ya tambaye ni ba." Ta sunkuya ta ƙwace wani noti daga hannun yarinyar, ta goge mata yatsu da bakin mayafi. "Ƙarshen watan gobe Yaya zai zo ya ɗauke mu. Ba na so in bar gidan ba abin da ke shigowa."

"Ya sani?"

"Inna ta sani."

Da Baba Waigi ya dawo, Bakanike ya faɗa masa duka biyun, na giyar da na tafiyar, bai rage ba. Tsohon ya daɗe yana kallon ledar da ke hannunsa. Washegari ya ce, "A cire. Amma tare za mu shiga ƙasan."

Suka kwashe tayoyin, suka yaye tamfol. Ƙadangaru suka watse. A bayan motar har yanzu akwai ɓawon ƙwai, ya bushe ya manne a kusurwoyi, ruwan sama bai kai gare shi ba. Baba Waigi ya dube shi sau ɗaya, ya durƙusa ya shige ƙarƙashi. Sai da suka yanke lanƙwasasshiyar sandar da zarto kafin giyar ta yarda ta sauko. Jikinta ko tsaga babu. Suka ɗora ta a tebur, suka wanke da kananzir.

Bakanike ya kama bakinta ya juya, ya ji bayanta ma na juyawa. "A cikin giya take," ya ce. Ya kwance murfin sama ya ɗage. Ya leƙa. Ya ɗauko tocila ya sake leƙawa.

"Kunkuru. Zo ka gani."

Baba Waigi ya san cikin giya kamar tafin hannunsa, ba sai an karanta masa ba. A lamba biyu take.

"Wataƙila bugun ne ya tura ta," ya ce.

"Bugu fitar da giya yake yi, ba ya shigar da ita. Dubi yadda ta zauna daram, ba ƙwarzane ko ɗaya. Hannu ne ya sa ta, kuma a natse." Bakanike ya ajiye tocilar. "Kai ka fi kowa sanin gangaren nan. Mai gudu ba ya sauko shi a lamba biyu. A lamba biyu, da ƙwai a baya, mai keke ma sai ya wuce shi yana fito."

Baba Waigi ya matso. Ya sa yatsa yana shafa haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Duk a cike suke, bakinsu sumul.

"Waɗannan ba haƙoran mai banka giya ba ne," in ji Bakanike a hankali. "Ina jin a gabanka kawai yake bankawa. Don ya ji bakinka."

Tsohon ya nemi benci bai kai ba, ya zauna a ƙasa, a kan mai da ƙura. Ya ɗauki tsumma yana goge hannu. Hannun ya fita, yana ta gogewa. Bakanike ya fita waje ya tsaya yana kallon masu sauke katako, ya daɗe bai dawo ba.

Da ya dawo, Baba Waigi ya ce, "Kar ka gaya mata."

"Haba, Kunkuru."

"Ni na yar. Ni zan ɗauke."

"To tashi mu je yanzu. Zan raka ka har ƙofa."

"Sai mota ta tashi." Ya ɗago kai. "In ɗauki 'yar nan in kai ta wurin. In sauko da ita gangaren a lamba biyu, da giyarsa, ta ga yadda yake saukowa. A mota na fi iya magana. Kowa na kallon gabansa."

Ɗora giya aikin wuni ɗaya ne, in an makara wuni da rabi. Amma Baba Waigi ya ce robar da ke tare mai ta tsufa, sai an samo sabuwa. Aka samo. Ya ce tunda an buɗe, a canja farantin kuloci gaba ɗaya. Aka canja. Ya ce wankin farko bai fita ba, ya sake wankewa. Sannan ya zauna da burushin waya yana goge zaren kusoshi, kowace sai ya ɗaga ta a haske ya duba. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, ba makaniken da zai ce masa ba daidai ba ne. Bakanike dai ya gane abin da ake yi. Muddin giyar na kan tebur, ranar maganar ba ta zo ba.

"Giyar nan ta fi amarya shan wanka," ya ce masa. "Wata fa na tafiya."

"Sannu ba ta hana zuwa."

"Wanda ya yi karin maganar nan ba shi da suruka mai haɗa kaya."

Wata la'asar Bakanike ya bi shi gida, da niyyar in abin ya ƙi, shi ya buɗe baki. Suka tarar da matar yaron a ƙofar ɗakinta tana ninke kayan yarinyar tana jerawa a jaka. Baba Waigi ya tsaya a tsakar gida, ya cire hula, ya mayar.

"'Yar nan."

"Na'am, Baba." Ta ajiye rigar da ke hannunta, ta juyo gaba ɗaya. Bakanike ya daɗe bai ga ta dubi surukinta haka ba.

Tsohon ya buɗe baki. Yarinyar ta rugo ta rungume masa ƙafa, ya dafa kanta, ya dubi kan nata.

"Ina da magana da ke. In mota ta tashi."

Ta ɗan jira, ko akwai saura. Sannan ta ce, "To, Baba," ta ɗauki rigar ta ci gaba da ninkewa.

Bakanike ya gaida tsohuwa ya fito. A ransa ya ce, ai an fara, saura ƙiris. Shi ya sa bai yi magana ba.

A satin da suka ɗaga giyar aka yi ta ruwa. Ramin gareji ya jiƙe, sanyi na tasowa daga siminti. Baba Waigi na tari tun kafin nan, amma ya hana kowa shiga. Shi ya tsaya a ciki, Bakanike na danna jak daga waje, har bakin giyar ya sami wurinsa ya shige da wani ɗan sauti mai daɗi. Ya sa kusoshin sama, ya ɗaure su ɗaya bayan ɗaya, yana hutawa tsakani. Da ya zo kan na ƙasa, tari ya turnuƙe shi har ya dafa bangon ramin.

"Fito in ƙarasa," in ji Bakanike. "Kafin shayi ya tafasa na gama."

"Gobe. Da hannuna. Kar ka taɓa, Mahauci."

Goben ba ta zo ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi, daga gida aka wuce da shi asibiti, aka ce sanyi ya kama masa huhu. Da Bakanike ya je dubiya, ya same shi da roba a hanci, numfashi na fita da ƙyar. Matar yaron ce a gefen gadon, tana jiƙa tsumma tana goga masa a goshi. Idon tsohon na kanta duk inda ta juya. Leɓensa ya motsa, ta sunkuyo da kunne, tari ya riga maganar fitowa. Ta ce, "Huta, Baba, in ka warke." Kafin watan ya ƙare, wata safiya, ya cika.

Bayan an tashi daga zaman makoki, ranar da yayanta ya zo, matar yaron ta sa aka tsaya da motar haya a bakin layin masu katako. Ta shigo garejin ita kaɗai. Farar motar na nan a kan rami.

"Kawu, mun tashi. Na zo sallama." Ta matso kusa da motar. "Baba ya ce yana da magana da ni. Ka san ta?"

Bakanike ya dubi motar. An ce kar ya faɗa, amma wanda ya ce ɗin ya tafi da nasa bakin. Sai ya faɗa mata. Yadda suka ɗage murfin, da lamba biyu, da haƙoran da ba su ci ba, da yadda tsohon ya zauna a ƙasa. Ya faɗa mata tafiyar da aka shirya, ta gangare, ita a kujerar gefe.

Ta saurara har ya gama, hannunta a kan bakin tagar motar, inda fentin ya koɗe.

"Na sani," ta ce.

"Wa ya gaya miki?"

"Ba kowa. Na sha saukowa gangaren nan a gefensa, ina da ciki. Tafiya kamar ta hawainiya. Har tsokanarsa nake yi, in ce Baba ne ya shiga jikinka? Sai ya ce, ki rufa mini asiri kar ki gaya masa, kansa zai yi girma." Ta yi ɗan murmushi, bai daɗe ba.

"To me ya hana ki faɗa masa tun tuni?"

"Ni in gaya wa uba halin ɗansa?" Ta girgiza kai. "Ba labarin giya nake jira ba, Kawu. Daga bakinsa nake so in ji. Ko ba mota. Ko a tsakar gida, ranar nan. Da na kwance jakar."

Daga waje aka yi hon. Ta gyara mayafi, ta ce a duba mata Inna, 'yar ƙanwarta za ta zo ta zauna da ita. Ta ce motar in ta tashi a ba wani amintacce ya riƙa ja, don gidan. Ta fita, ba ta waiwaya ba.

Bakanike ya sauka ramin da tocila. Giyar na rataye a kusoshin sama, jak na tallabe da cikinta. Kusoshin ƙasa na cikin wani gwangwanin madara, a jiƙe da kananzir, zarensu na ƙyalli. Sifana na kan ƙarfen da ke gicciye, inda tsohon ya ajiye ta zai yi tari. Ya miƙa hannu, ya tsaya. Ya kashe tocilar ya fito.

Masu kawo gyara sun yi ta tambayarsa yaushe zai sauke farar motar ya ba su rami. Yakan ce an kusa. Nasu motocin a waje yake duba su, ya shimfiɗa kwali a ƙasa ya kwanta, da tsufansa. Giyar kuwa tana nan a kan jak, kusoshin sama a ɗaure, na ƙasa a gwangwani.